Zauren Masu Karatu: Wanda ya sayi 'yan wasa na musamman a gem, nasara ya saya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Yaya. Rigima ce ta taso tsakaninmu, muka ce bari mu kawo maka ka raba mu. Da hutun Babbar Sallah muka shirya gasar eFootball, gem ɗin ƙwallo na waya, a unguwarmu, mu goma sha shida. Wani yayanmu mai shago a Terminus ya sa kyautar naira 20,000 da rigar ƙwallo. Kowa ya shiga da ƙungiyar da ya haɗa a wayarsa. Wanda ya ci kofin yaro ne da gidansu ke da hali, ƙungiyarsa cike take da tsofaffin taurarin nan na musamman da ake ja kamar ƙuri'a da koyin (kuɗin cikin gem da ake saya da kuɗin gaske), wasu ma an rufe fitar da su, ko kana da kuɗin yanzu ba za ka samu ba. Wanda ya zo na biyu kuwa kowa ya shaida ya fi shi iya wasa, amma bai taɓa sa ko sisi a gem ba. An tashi 3 da 2. Yanzu na biyun ya ce nasara aka saya, kada a ba da kyautar. Wanda ya ci ya ce ihsani ne kawai kamfani ke yi wa wanda ya biya, kamar yadda wani abokinmu ya sayi bindiga mai walƙiya a Call of Duty Mobile ba wanda ya ce masa uffan, kuma ai da hannunsa ya buga. Kuɗin yana hannuna, kowa ni yake kallo. Shin kayan nan na musamman sayen nasara ne? Kuma wa zan ba kuɗin?

Mai karatu daga Anguwar Rogo, Jos

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara sauke maka nauyin da ke hannunka. Ka ba wanda ya ci kuɗinsa da rigarsa, yau ba sai gobe ba. Tun farko kun amince kowa ya shigo da ƙungiyarsa, ba ku gindaya wani sharaɗi ba, kuma na biyun ya ga ƙungiyar da zai kara da ita kafin a take wasa, bai ce komai ba sai da aka ci shi. Ba a kafa doka bayan an tashi daga fili. Amana yayanku ya ba ka, kada ka bari surutu ya sa ka karya ta.

Amma a kan ainihin tambayar, gaskiya tana wajen wanda ya zo na biyu, kuma ba zan yi kwana-kwana a kai ba. 'Yan wasan da abokinku ya ja da koyin sun ƙara masa ƙarfi a kan mutumin da bai biya ba. Wannan shi ne sayen nasara, ko da rabin nasarar ce, ko da kashi ɗaya cikin goma ne.

Na fara harkar nan tun zamanin PlayStation 2, ina tsaron wani gidan gem a Gangare, ana buga Winning Eleven, wanda aka ci shi ne zai biya ya tashi. A lokacin ma akwai 'yan wasan da suka fi ƙarfin kowa. Har Roberto Carlos ake cirewa daga baya a mayar gaba saboda gudunsa da ƙarfin ƙafarsa. Amma ban taɓa jin wani ya ce an sayi nasara a kansa ba, domin idan ka ɗauki Brazil ni ma ina iya ɗaukar Brazil. Duk abin da ke cikin faifan na duk wanda ya riƙe fad ne. Yaron da ya tara naira ashirin ɗinsa daga tallar gyaɗa da ɗan Alhajin da ya zo da ɗari biyar, da zarar sun zauna a benci ɗaya sun zama daidai. Wannan daidaiton ne ya sa gidan gem ya zama wajen da yaran Gangare da na Dilimi da na Tudun Wada ke haɗuwa, kuma shi ne nake jin zafin yadda ake sayar da shi kaɗan-kaɗan.

Don haka idan aka kawo mini wani kaya na musamman a gem, ba na tambayar ko kuɗi aka biya, ko kuwa mutum nawa ne suka mallake shi. Abin da nake dubawa shi ne ko yana canja abin da zai faru idan mai shi ya kara da wani ɗan Adam da ba shi da shi. Idan abokin karawarka ya zo fili da riga mai tsada da takalmi mai ƙyalli, ba ruwanka, idonka kawai zai cika. Idan kuwa aka rage faɗin ragarsa da taku ɗaya saboda ya biya mai fili, kana iya cin sa har yanzu in ka fi shi nesa ba kusa ba, amma ba wanda zai ce wasan nan an yi shi bisa adalci.

Da wannan ma'aunin, misalin da wanda ya ci ya kawo bai taimake shi ba. Bindigogin nan masu tsada na Call of Duty Mobile, waɗanda ake ja da CP, wato kuɗin cikin gem ɗin, har mutum ya kashe dubban nairori kafin ta fito, ƙarfin harsashinsu da nisan zangonsu ɗaya ne da na bindigar da kowa ke da ita. Launi ne, da ƙara, da wutar da ke tashi idan ka harbe mutum. Sabbin bindigogi masu aiki kuwa kamfanin yana sa su a ɓangaren kyauta na tikitin zango, wato jerin ladan da ake ci mataki-mataki a kowane zangon gem, kowa na iya buɗewa da wasa. Abin da za a iya kamawa kawai shi ne wasu daga cikin masu tsadar wajen saitinsu ya fi fita sarai, kuma masu ƙorafi a kan haka ba ƙarya suke yi ba, sai dai ƙaramin abu ne. Haka PUBG Mobile da Fortnite suke a mafi yawan abin da suke sayarwa: kwalliya ce. Abokinku mai bindiga mai walƙiya ya sayi abin taƙama, bai sayi ƙarfi ba.

eFootball daban ne. Tun da kamfanin Konami ya sauya wa gem ɗinsa na ƙwallo PES suna zuwa eFootball a 2021 ya mayar da shi na kyauta, kuɗin da yake samu a gem ɗin daga koyin yake fitowa, kuma abin da ke sa mutum ya sayi koyin shi ne ɗan wasan da ya fi na kowa. Katin da ake kira Epic yana zuwa da lambobin gudu da ƙarfi da iya cin raga da suka wuce na katin da ake saya da GP (kuɗin gem da ake tarawa da wasa ba tare da biya ba), idan an horar da shi jimillar makinsa tana haura 100, ga kuma ƙarin ƙarfi na musamman da aka fara liƙa musu tun daga eFootball 2024. A tsarin da aka saba, akwati ne mai 'yan wasa 150, uku ne kawai a ciki manya, kowane ja koyin 100. Mai sa'a ya samu da wuri, mai kuɗi kuwa ba ya buƙatar sa'a, sai ya yi ta ja har akwatin ya ƙare. Bayan 'yan kwanaki a rufe shi. Idan mai tsaron bayan da ka saya da GP ya yi tsere da ɗan gaban da aka ja da koyin, lissafin da ke cikin gem ne zai yanke wanda zai riga kai wa ƙwallo, ba yatsanka ba. A wasan da aka tashi 3 da 2, irin wannan tseren guda ɗaya ya isa.

Akwai hujjar da na fi so in ba masu musu, domin daga hannun kamfani ta fito. A Free Fire, kwalliyar bindiga ba kwalliya ce zalla ba: a jikinta ake rubuta cewa ta ƙara saurin harbi ko ƙarfin harsashi, ta rage saurin ɗura wani. Jaruman da kake zaɓa ka yi wasa da su ma kowanne da baiwarsa. Waɗanda suka buga a ƙarshen 2020 za su tuna lokacin da Garena, kamfanin gem ɗin, ya fito da jarumi Chrono, wanda aka yi da siffar Cristiano Ronaldo, mai garkuwar da za ka tsaya a ciki kana harbin na waje shi kuwa ba ya samun ka. Sai da aka yi ta rage masa ƙarfi daga baya. To a wannan gem ɗin, idan ka buɗe ɗakin gasa na kanka, akwai wajen da za ka kashe ƙarin ƙarfin bindigogi, kuma masu shirya gasa ta gaske sukan kashe shi. In da kayan ba sa canja komai, me zai sa a tanadi makunnin kashe su?

Sai dai kada ka ɗauka duk abin da aka kira kwalliya shi ke nan ya tsira. A 2020, a Call of Duty: Warzone, an sa wata riga ta wata mai suna Roze a matakin ƙarshe na tikitin zango na biyar, wanda sai ka biya. Baƙa ce ƙirin daga sama har ƙasa, ba ta da wani abu mai ƙyalli. Ba ta ƙara jini ba, ba ta ƙara harsashi ba, amma wanda ya sa ta idan ya laɓe a lungun ɗaki mai duhu ba ka ganin sa sai ka ji harbi. Zangon yana ƙarewa aka daina samun ta, wanda ya shigo daga baya ko nawa zai biya ba shi da hanya. Watanni ana kuka kafin masu gem ɗin su gyara ta a 2021 ta riƙa fitowa a duhu. Wannan shi ne mafi munin nau'in kaya na musamman: yana ba da rinjaye, kuma an kulle ƙofarsa. A nan ne kalmar "na musamman" take da nauyi. Keɓancewa ita kaɗai ba laifi ba ce, amma idan ta haɗu da ƙarin ƙarfi sai ta mayar da rinjayen na dindindin.

Yanzu ga maganar wanda ya ci, cewa da hannunsa ya buga. Gaskiya ne, kuma kada ku raina masa wannan. Wanda bai iya ba, ko ka tara masa taurarin duniya, cin sa za a yi. Mu mutanen Jos muna da shaida a gida: a FIFA 17, katin Ahmed Musa, ɗan garin nan, lokacin yana Leicester City, ba shi da tsada ko kaɗan, amma gudunsa ya haura 90, kuma yaran da ba su sa kuɗi ba sun yi ta wahalar da masu ƙungiyoyin miliyoyin koyin da shi har Turawa suka riƙa kuka da sunansa. Iyawa tana aiki. Amma tambayar ba ita ce ko gwani zai iya cin mai kuɗin da bai iya ba. Tambayar ita ce idan mutum biyu sun yi kusa da juna a iyawa, wa zai fi yawan ci cikin wasa goma? A wasan ƙarshe na gasa kuwa, ai waɗanda suka yi kusa da juna ne suke haɗuwa. Can ne ɗan ƙaramin rinjaye yake zama kofi.

Wata maganar da za ka ji ita ce, ai ana samun koyin kyauta, wanda ya yi haƙuri zai tara. E, Konami yana raba koyin lokaci-lokaci, kuma na san yaran da suka haɗa ƙungiya mai kyau ba su biya ba. Amma a duba abin da haƙurin ke ci. Kai kana tara na ja ɗaya ko biyu a mako, akwatin da kake hari an rufe shi, an buɗe wani da ya fi shi. Kafin ka kai inda mai kuɗi yake a watan Janairu, shi yana inda za ka kai a watan Yuni. Ga data, ga caji, ga karatu ko shagon da ka bari. Kamfanin ne ya tsawaita hanyar da gangan don ya sayar da gajeriya. An ga ƙarshen wannan dabara a Nuwamban 2017, lokacin da kamfanin EA ya fito da Star Wars Battlefront II: mutum ya sayi gem da cikakken kuɗinsa, sannan a ce manyan jarumai sai ya yi sa'o'i masu yawa yana wasa, ƙarin ƙarfi kuma yana cikin akwatunan sa'a da ake saya. Masu wasa suka yi ca, har kamfanin ya dakatar da sayar da komai a cikin gem ɗin ana gobe za a fito da shi. Mutanen da suka fi mu kuɗi ne suka ƙi yarda, don haka ba hassadar talaka ba ce.

Ko kwana bakwai ɗin da ake ba wanda ya sayi babban bugu na EA Sports FC (sabon sunan gem ɗin FIFA) ya riga kowa shiga, ni ina lissafa shi cikin rinjaye idan Ultimate Team za a buga, wato ɓangaren da kowa ke haɗa ƙungiyarsa da katunan 'yan wasa, domin akwai kasuwar kati a ciki, wanda ya riga shiga ya riga tara jari, ga kuma makin sayen fakiti da ake haɗa masa da shi. Ƙaramin bugun dala 70 ne, babban dala 100. Idan dala tana wajen naira 1,500, ƙaramin kaɗai ya kai naira 105,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Tazarar da Bature ke gani 'yar kaɗan, a nan ta fi rabin albashin wata.

Inda ba na ganin laifi ko kaɗan shi ne gem ɗin da kake bugawa kai kaɗai da kwamfuta. Idan an ba ka takobi na musamman saboda ka biya tun kafin gem ya fito, dodon da ka sare ba zai kai ƙara ba. A 2006 an yi ta surutu da kamfanin Bethesda ya sayar da sulken doki a dala biyu da rabi a gem ɗin Oblivion, amma ba wanda aka zalunta a fili, wanda ya saya shi ya san ko kuɗinsa ya biya. Iyakar hasarar ita ce kayan su sauƙaƙa maka farkon wasan har ya rasa daɗi.

Na san wani zai ce, to ai wayar ma bambanci ce. Haka ne, kuma a garin nan wani lokaci ta fi koyin tasiri. Mai wayar da ke da ƙwaƙwalwar giga 2, tana zafi tana sarƙewa, ba zai yi daidai da mai giga 8 ba. Wanda sabis ke yi wa jinkiri ya danna fasin sai bayan an ƙwace ƙwallon umarninsa zai isa. Wanda aka ɗauke wa wuta tun safe yana wasa yana kallon batir. Duk gaskiya ne. Amma wannan bambancin rayuwa ce ta kawo shi, mai gem bai ƙirƙire shi don ya sayar ba, kuma kasancewar akwai rashin daidaito ɗaya ba dalili ba ne na a ƙara wani a kai da gangan.

Abin da zan roƙe ku shi ne kada ku kira yaron nan macuci. Bai saci komai ba, bai sa manhajar maguɗi ba, abin da gem ya halatta ya yi. Shi ma ya daina cewa kayan ba su taimake shi ba, domin in ba sa taimako da bai zuba musu kuɗi ba. Gasa ta gaba ku zauna tun kafin a fara ku rubuta sharaɗi: ko dai kowa ya buga da ƙungiyoyin asali irin su Barcelona da Manchester United yadda gem ya kawo su, ko kuma a ce 'yan wasan GP kawai za a jera, a duba ƙungiyar kowa kafin a take. Ku zauna waje ɗaya mai sabis mai kyau, ku tanadi abin caji. In na biyun yana son ya wanke zuciyarsa, su sake karawa a kan wannan sharaɗin, ba kuɗi a tsakani. Na fi zaton shi zai ci, amma in aka ci shi, sai ya karɓa.

TAMBAYA

Malam, ɗana ɗan shekara 13 ya yi amfani da wayata ya sayi dayamon na Free Fire har sau uku ban sani ba, sai da na ga saƙon banki. Da na tsare shi sai ya fashe da kuka, wai duk abokansa suna da kaya, shi kaɗai ake yi wa dariya, kuma ba ya cin wasa saboda ba shi da su. Gaskiya yake faɗa ko wayo ne? Ni ban san komai a kan abin nan ba.

Uwa daga Rikkos, Jos

AMSA

Hajiya, Allah Ya shirya mana su. Rabin maganarsa gaskiya ce. Kamar yadda na faɗa a sama, a wannan gem ɗin wasu kayan suna ƙara ƙarfi, ba ƙarya ya yi ba. Amma ba su ne ke hana shi ci ba. Kamfanin ya sassauta daga baya, yawancin jaruman da ake zaɓa a gem ɗin ana samun su ba tare da kuɗi ba, kuma yaron da ya iya saiti da laɓewa yana cin mai kaya kullum. Abin da ya fi damun ɗanki shi ne dariyar, kuma kada ki ɗauke ta da wasa. A wajen yaran yanzu, shiga gem da rigar da aka ba kowa kyauta abin gori ne, kuma masu gem sun san da haka sarai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ake sayar da kayan. Mafi yawa ba a ce ga bindiga ga farashinta ba. Juyawa ake yi: ka biya, abu ya zagaya, ya tsaya a kan abin da ya ga dama, yawanci tarkace. Sai zuciya ta ce saura kaɗan, ƙara ɗaya. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta duba irin waɗannan akwatunan sa'a a 2018 ta ce caca ce a dokarsu, har EA ya daina sayar da makin FIFA a ƙasar a farkon 2019. Apple tun 2017, Google kuma tun 2019, sun wajabta wa masu gem su bayyana yawan damar samun kowane kaya kafin a biya. Ki sa shi ya buɗe miki wajen da aka rubuta wannan, ku karanta tare. Yaro ɗan shekara 13 ya san ma'anar kashi ɗaya cikin ɗari idan aka zauna da shi. Hukuncin shari'a na malamai ne, ki tambayi wanda kika amince da iliminsa, ki kwatanta masa yadda abin yake dalla-dalla. Ni dai a gidana na hana biyan kuɗi a kan abin da ba a san me zai fito ba, domin kamarsa da abin da aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta hana ta yi yawa.

Ki kuma gaya masa cewa kayan ba nasa ba ne ko ya biya. Suna cikin akawun ne da kamfani ke iya rufewa. Indiya ta haramta Free Fire a Fabrairun 2022. An rufe Apex Legends Mobile gaba ɗaya a watan Mayun 2023, kuma ba a mayar wa mutane kuɗin da suka kashe a ciki ba.

A aikace, ki cire katinki daga Play Store, ki sa a riƙa tambayar kalmar sirri kafin kowane saye, ki canja lambar sirrin manhajar bankinki, kuma kada saƙon lambar tabbatarwa ya riƙa fitowa a fuskar waya tana kulle. Idan yana da wayarsa, manhajar Family Link ta Google tana ba ki damar amincewa ko ƙin duk abin da zai saya ta Play Store. Kada ki ga kamar sakacinki ne kaɗai: a Disambar 2022 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin Epic, mai Fortnite, ya amince zai mayar da dala miliyan 245 saboda yadda aka tsara maɓallan saye har mutane, ciki har da yara, suke biya ba da niyya ba. Kuɗin da ya ɗauka kuwa, ki sa ya biya daga kuɗin tararsa ko na Sallah, ko da kaɗan-kaɗan ne, domin ɗaukar kuɗin uwa ba izini shi ne babban abin da ya faru a nan, ya fi maganar gem girma.

TAMBAYA

Ina da gidan gem. A Mortal Kombat 11 ina da Shao Kahn, wanda aka ba waɗanda suka biya tun kafin gem ya fito. Wasu yara sun ce a hana ɗaukar sa a shagona tunda na musamman ne. In hana?

Mai gidan gem daga Bukuru

AMSA

Kada ka hana, abokin sana'a. A shagonka mutum biyu ne a gaban talabijin ɗaya, kuma kowannensu yana iya matsa fad ya ɗauke shi. Kai ka biya, su duka suka samu, babu wanda ya fi wani. Al'adar masu wannan gem ce: Goro a Mortal Kombat X a 2015, Shao Kahn a 2019, Shang Tsung a Mortal Kombat 1 a 2023, kuma duk daga baya an sayar da su ga kowa. Ba a yi Shao Kahn ya fi sauran ƙarfi ba, manyan 'yan gasa ma ba su ɗauke shi cikin na gaba-gaba ba lokacin da gem ɗin ya fito. Abin da ke ba yara tsoro shi ne ba su saba da shi ba, ba su san lokacin da gudumarsa ke sauka ba, don haka ba su san lokacin karewa ba. Irin wannan rinjayen na rashin sabo gaskiya ne ga mai wasa ta intanet wanda ba shi da jarumin balle ya gwada shi, shi ya sa masu shirya gasa sukan jinkirta shigar da sabon jarumi har mutane su san shi. A wajenka maganinsa mai sauƙi ne. Da rana, lokacin da ba layi, ka buɗe musu ɓangaren atisaye na minti goma kyauta, kowa ya riƙe shi ya ga inda yake da rauni. In kana da na'ura biyu kuma ɗaya ce kawai ke da shi, to ranar gasa a buga duka wasannin a kan mai shi, ko a cire shi ga kowa.